La'ada Ba Kyauta Ba Ce

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙon ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka, irin filin nan da ba a auna shi ƙafa 50 a 100, ba a kuwa biyan la'ada a kansa, don in yi magana da 'yan'uwana akawuna, da malaman makaranta, da malaman zaure, a kan sha'anin dillalai. Na zaɓi waɗannan jama'a ne don su a ke kira in ciniki ya faɗa. Akawu ya rubuta takarda, malamin makaranta ya karanta wa wanda bai iya ba, malamin zaure ya yi addu'a ya sa albarka. Ran da abu ya ɓaci kuma, su a ke fara nema a gaban alƙali.

Ni mazaunin Rikoto ne a cikin garin Zuru. Na yi aikin akawu har na huta, yanzu ba ni da wata hidima sai zaman zaure, da rubuta wa maƙwabta takardar yarjejeniya in sun nema. Cikin wannan zama na lura da dillalai iri biyu waɗanda dukiyar mutanenmu ke bi ta hannunsu. Akwai dillalin fili da gida, wanda kowa ya sani, muna gaisawa da shi kullum a bakin kasuwa. Akwai kuma dillalin kwastan, wanda a ke ce wa ejan, mai fitar da kayan 'yan kasuwa daga tashar jirgin ruwa ko daga bakin iyaka. Shi yawancinmu ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, amma duk mai mota ko babur ko injin niƙa a garin nan, in ta hanya kayan ya shigo, ya biya shi ko bai sani ba. Su biyun la'ada su ke ci. Bambancinsu shi ne, in abu ya lalace akwai inda a ke kama ɗaya, ɗayan kuwa sai ya karkaɗe rigarsa ya ce shi haɗa ku kawai ya yi.

Ba haka dillanci ya ke tun asali ba. Sa'ad da fatake ke ratsa ƙasar Kabi su sauka kasuwar Jega, su wuce Gwanja sayen goro a Salaga, baƙo ba ya shiga gari ya kama ciniki da ka. Yana sauka gidan fatoma, watau maigidansa, shi zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya nemo dillali, in kuwa bashi aka ɗauka shi ne mai lamuni. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Ibadan, ya buga littafi a 1969 a kan yadda Hausawa ke cinikin shanu da goro a can. Abin da ya tarar shi ne mahauta na ɗaukar shanu bashi, in mahauci ya gudu, maigida ne ke biyan mai shanu daga aljihunsa, in ba haka ba baɗi ba wanda zai sauka gidansa. Saboda haka dillalin da ke ƙarƙashinsa dole ya san kowane mahauci, da gidansa, da bashin da ke wuyansa. La'adar da su ke karɓa ladan wannan sani ne da wannan lamuni. Mutanen da sun riga sun gama maganar da su ka ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

To, bari in fara da ejan, don aikinsa ya fi ɓoyuwa ga jama'a. Mutum ba ya wayi gari ya ce shi ejan ne. Sai yana da kamfani mai rajista, ya nemi lasin daga Hukumar Kwastan, ya kawo takardar lamuni ta banki, kuma lasin nan sabunta shi a ke yi, ba na har abada ba ne. Dokar da ta daɗe tana tafiyar da wannan sha'ani ita ce ta 1958, wadda aka yi tun Turawa na nan, ta zauna shekara 65 har aka maye ta da sabuwar dokar Hukumar Kwastan ta 2023. Suna da ƙungiya tun 1954, wadda a ke kira ANLCA, a 2007 kuma Gwamnati ta kafa majalisa ta musamman mai kula da masu jigilar kaya da fitonsu. Abin da ya fi muhimmanci cikin wannan duka shi ne, a wurin doka, ejan da ya sa hannu a takardar bayanin kaya yana ɗauke da alhakin abin da ya rubuta tare da mai kayan. In ya yi ƙarya a biyo shi, a rufe masa hanyar aiki, a ƙwace lasin, in abin ya yi muni a kai shi kotu.

Ga yadda aikin ke tafiya. Kafin kaya su taso daga Sin ko Dubai, mai kaya zai buɗe takardar da a ke kira Fom M ta hannun bankinsa. Kwastan su duba takardun saye da na jirgi su fid da takardar ƙiyasi, wadda a ke kira PAAR, da aka fara aiki da ita a ƙarshen 2013. Sa'an nan ejan ya shigar da bayanin kayan cikin na'ura, a lissafa kuɗin fito, a biya a banki, a buɗe kwantena a duba in an ga dama, kana a sake su. A nan gwanintar ejan ta ke, don kowane irin kaya a duniya yana da lambarsa cikin wani babban kundi da Hukumar Kwastan ta Duniya, mai mazauni a ƙasar Beljiyam, ta tsara, aka fara aiki da shi a 1988. Lamba ita ke faɗin kuɗi. Tun 2015 ƙasashen ECOWAS su ka daidaita kuɗin fito hawa biyar: kyauta ga kayan da jama'a ba su iya yi sai da su, kashi 5 cikin 100 ga ɗanyen kaya da injunan sana'a, kashi 10 ga kayan da ba a gama sarrafawa ba, kashi 20 ga kayan da aka gama, kashi 35 ga waɗanda a ke so a kare masu yin irinsu a gida. Ban da wannan ga harajin saye na kashi 7.5 tun 2020, ga waɗansu ƙananan kuɗaɗe. Ka ga ke nan tsakanin lamba da lamba akwai dukiya mai yawa, nan ne kuma Shaiɗan ke shimfiɗa tabarmarsa.

Wani ɗan kasuwa da na sani a garin nan ya haɗa kuɗi da abokansa su ka yi odar injuna ta Ikko. Ejan ɗinsu, don ya nuna shi mai sauƙi ne, ya shigar da kayan da lambar da ba tasu ba. Aka buɗe kwantena aka ga abin da ke ciki, aka rubuto takardar biyan cikon kuɗi, kaya su ka zauna, kuɗin ajiya na tasha da na kamfanin jirgi yana hawa kowace safiya. Mutumin nan ya rame cikin mako biyu, don ya san kayan da su ka wuce wa'adi a tasha gwanjonsu a ke yi. Amma da ya tafi da takardunsa ya zauna a ofishin kamfanin ejan, sai su ka ɗauki rabon asarar da ta hau kansu, ba don tausayi ba, don sunansu da lambar lasinsu na jikin takarda, ba su kuwa son a taɓa lasin nan. Ya yi asara, amma bai rasa uwar kuɗinsa ba.

Kada mai karatu ya zaci ina cewa aikin ejan daɗi ne. Ban san wata sana'a da ƙasa ke motsi ƙarƙashin mai yinta kamar wannan ba. Mu nan Jihar Kebbi muna da iyaka da ƙasa biyu, Nijar ta wajen Kamba, da Benin ta wajen Tsamiya a ƙasar Bagudo. Kamba na kallon Gaya, Gaya kuma gada ce kawai tsakaninta da Malanbil, inda hanyar Kwatano ta ɓullo. A 2016 aka hana shigo da shinkafa ta iyakar ƙasa. Ran 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da motoci ta nan, sai ta ruwa. A Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa. Da aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum a Disamba 2020, Kamba ba ta ciki, sai a Afrilu 2022 aka buɗe ta tare da Jibiya da Idiroko da Ikom. Ba a daɗe ba sojoji su ka yi juyin mulki a Nijar ran 26 ga Yuli 2023, aka sake rufewa, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata gefen. A Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso su ka fita daga ECOWAS. Ku duba, jama'a, mutum mai iyali da ya biya lasin, ya kama hayar ofis a bakin iyaka, ya ɗauki yara aiki, me ya ci cikin waɗannan shekaru? Duk ran da aka rufe ƙofa, mai lasin ne ke zama, ɗan fasa-ƙwauri kuwa ranar kasuwarsa ke buɗewa, don daji ba shi da ƙyaure.

Ga kuma sha'anin canji. Da dala a ke ƙimanta kaya, sa'an nan a juya zuwa Naira bisa farashin da Babban Banki ya bayar. Kafin Yuni 2023 dala ɗaya wajen Naira 460 ce a hukumance. Cikin Fabrairu 2024 ta haura Naira 1,500. Ejan ya faɗa wa mai kaya kuɗi ran Litinin, kafin Alhamis lissafi ya tashi, mai kaya ya rantse cutarsa aka yi. Na ji irin wannan zagi da kunnena, wanda a ke zagin kuwa ba shi da laifi ko na anini.

Inda wannan sha'ani ya fi taɓa mutanen Zuru shi ne wajen mota. Garinmu garin sojoji ne, da wuya ka shiga gida a ƙasar Dakarkari ba ka sami wanda ya sa kaki ba. Mutum ya gama aiki, a biya shi kuɗin sallama, ya ce bari ya sayi mota ya sa haya tsakanin nan da Kontagora ko Koko. Ya ga mota mai araha, a miƙo masa takardar kwastan da hatimi jajir, ya biya. Sai wata rana a kan hanya a duba na'ura a ce ba a taɓa biyan fiton wannan mota ba. A 2017 har Hukumar Kwastan, zamanin Kanar Hameed Ali, ta ce kowane mai mota ya je a tantance takardunsa, Majalisar Dattawa ta tashi tsaye, aka dakatar. A 2022 aka shigo da ƙimanta mota ta lambar jikinta, ejan-ejan na Ikko su ka yi yajin aiki a kai kafin a daidaita. Abin lura shi ne takardar gaskiya tana da lamba da sunan kamfanin da ya yi fito, ana kuwa iya zuwa ofishin kwastan a tambaya kafin a biya kuɗi. Wanda bai yi haka ba ya yi cinikin biri a sama.

Yanzu mu dawo gida, ga dillalin fili. Shi me a ke nema a wurinsa kafin ya fara? Waya, da babur, da baki. Ba lasin, ba lamuni, ba littafin da aka rubuta sunansa. Gaskiya akwai masana ƙimar gidaje da filaye masu rajista, waɗanda dokar 1975 ta kafa wa hukuma, amma su a manyan birane su ke, talakan da ke neman ɗaki biyu a Rikoto ko Rafin Zuru ba zai gan su ba. Kasuwa kuwa ta buɗe. A 2020 aka mai da Kwalejin Aikin Gona ta Zuru jami'ar Gwamnatin Tarayya, malamai da ɗalibai na neman wurin kwana. Ga 'yan'uwanmu na ƙasar Danko da Wasagu da Sakaba da 'yan bindiga su ka tasa daga ƙauyukansu, musamman tun 2021, sun shigo gari da abin da ya saura a hannunsu. Mutum ya sayar da shanun da aka bar masa, ya ƙulle kuɗin a lalita, bai san kowa ba, bai san wace gona ce ta wa ba. Wa zai nufa in ba dillali ba? A wurinsa dillali ne ido, shi ne kunne. Abin da na saba gani shi ne kashi 10 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, a ciniki kuma kashi 5, wani lokaci daga kowane ɓangare. Ban ce ya yi yawa ba, in an yi aikin.

Aikin kuwa yana da yawa ga wanda ya san shi, don abin da a ke sayarwa ba shi ne abin da mutane ke zato ba. Tun 1910 Turawa su ka yi shela cewa ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta wannan a dokarta ta 1962. A Maris 1978, zamanin Janar Obasanjo, aka yi dokar amfani da ƙasa ta Nijeriya duka, aka kuma ɗaure ta a jikin tsarin mulki yadda ba ta gyaruwa da sauƙi. Bisa ga wannan doka ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamnanta. Filin da ke cikin yankin da Gwamna ya ayyana birni ne, shi ke ba da izinin zama a kai, da takardar nan da mu ke kira satifiket, wadda galibi shekara 99 a ke rubutawa. Na karkara kuwa Ƙaramar Hukuma ke bayarwa. Watau wanda ya ce ya sayi fili, haƙƙin zama ya saya. In Gwamnati ta buƙaci wurin don hanya ko makaranta tana iya karɓa, diyyar da doka ta sani kuwa ta gini ce da shuka da abin da aka kashe a wurin.

Akwai sassa biyu na dokar nan da na ke so kowane akawu ya riƙe. Sashe na 22 ya ce mai satifiket ba ya sayarwa ko ya jinginar sai da yardar Gwamna. Kada a ɗauka wasa ne. A 1989, cikin shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar gida don ba a nemi wannan yarda ba, banki guda da lauyoyinsa ya tashi hannu wofi. In banki ya faɗa wannan rami, ina ga gwauruwa? Sashe na 36 kuma ya ce gonar karkara da mutum ke riƙe da ita tun kafin dokar, ba a yanka ta fuloti-fuloti. Amma ku fita bayan gari ku gani, gonakin dawa na jiya duk sun zama turaku da igiya, wani wurin ba a bar ko hanyar da amalanke zai wuce ba, wani an ci burtali, wani yana ƙarƙashin babbar wayar lantarki, wani kuwa sai damina ta sauka mai shi ya gane a bakin rafi ya saya.

Babbar masifa ita ce gonar gado. A ƙasar nan gona ta gida ce, kakanni su ka sare ta, waɗansu ma da gumin golmo aka riƙa noma ta. Uba ya rasu ba a raba ba, ɗa ɗaya da ke gida ya matsu, dillali ya zuga shi, a yanka a sayar, 'yan'uwansa suna bariki a Maiduguri ko Fatakwal ba su sani ba. Malamai sun san hukuncin wannan sarai. A mazhabar Maliku, kamar yadda ya zo a Risala da Muhtasar, abokin tarayya cikin ƙasar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, watau ya biya kuɗin da baƙo ya biya ya karɓi rabon da aka sayar. Wanda ke nan yana gani ya yi shiru har shekara, haƙƙinsa ya faɗi, amma wanda ba ya nan haƙƙinsa na jiransa ko ya daɗe. Wannan fa in rabonsa kaɗai ɗan ya sayar. In ya haɗa da na 'yan'uwa, ya sayar da abin da bai mallaka ba. Maganar ƙasa ba sabuwa ba ce ga malaman wannan yanki, Malam Abdullahi na Gwandu ya yi littafi a kanta, Ta'alimur Radi. 'Yan'uwanmu Kirista da masu bin al'adar gargajiya su ma ba wanda ya yarda ɗa ɗaya ya cinye gonar gida. Dillalin da aka haifa a unguwa ya san 'ya'yan mamaci nawa ne, ya san wanda ke nan da wanda ba ya nan. Wannan sanin shi ne hajarsa. In ya ɓoye shi, me ya sayar wa mai saye har ya karɓi lada?

Wata mata da aka kashe mijinta a ƙauye ta zo wurina da takarda a ƙulle cikin leda, in karanta mata. Ta sayi rabin fuloti, ta tara bulo kaɗan-kaɗan da kuɗin ƙosai, ran da ta kai magina sai ta tarar wani ya zuba harsashi. Na karanta takardarta, na karanta ta ɗayan. Mai sayarwa ɗaya ne, wata huɗu ne tsakani. A takardarta an rubuta fili "a bayan gari", ba tsawo, ba faɗi, ba sunan maƙwabcin gabas balle na yamma. Shaidu biyu, dukansu yaran mai sayarwa. Na tambaye ta wa ya kai ta? Ta faɗi dillalin. Sunansa ba ya ko'ina a jikin takarda. Da aka kira shi gaban dattawa ya ce, "Baba, ni hanya na nuna mata, ban ce ta saya ba." Aka ce to, la'adar fa? Ya ce ai wannan goro ne ta ba shi don jin daɗi. Mai sayarwa ya bar gari. Har yau bulon nan na jibge a gidan da ta ke haya, ruwa na cinsa.

Ku gwada wannan da na mai injuna. Asarar mai injuna ta fi tata yawa nesa, amma shi ya sami ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ita ba ta samu ba. Ba don ejan ya fi dillalin fili tsoron Allah ba ne. Shi an sa ya ajiye abin da zai rasa.

Ban manta da dillalai na kirki ba, akwai su, na kuwa zauna da su. Na san wani dattijo a cikinsu da ba ya kai mai saye wuri sai ya fara zuwa wurin mai unguwa, ya tara magada, ya sa an kira maƙwabta huɗu an tsaya a kan iyaka. Ya sha yin mako uku yana zirga-zirga da man babur ɗinsa, ran da ciniki ya kusa faɗawa sai mai gida da mai saye su haɗu da dare su gama, a bar shi da ƙura. Wannan ma zalunci ne, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ga 'yan kayi-na-yi, ciniki ɗaya dillali shida, kowa ya ce shi ya fara gani, a raba la'ada har ta zama ba ta sayen mudun gero. Irin wannan matsi ne ke tura waɗansu ga ɗora wa gida kuɗi a ɓoye: mai shi ya ce miliyan 3, a gaya wa mai saye miliyan 4, a hana su ganin juna. Ko a kawo abokin baki ya yi ta taya fili ba da niyyar saye ba, don mai saye na gaskiya ya firgita ya ƙara, abin da malamai ke kira najashi, shari'a kuwa ta hana. Rashin tsari yana cutar mai gaskiya a cikinsu kamar yadda ya ke cutar mai saye.

Abin da na ke roƙo ba babba ba ne. Jihar Legas ta yi doka ta kafa hukumar da ke yi wa dillalan gidaje rajista. Abuja na da ofishin taswirar filaye na na'ura tun 2003, Kaduna da Kano sun yi nasu, Kebbi ma ta kafa nata, KEBGIS. Amma kafin na'ura ta san kowane lungu na Rikoto, littafi mai bango ma ya isa. Ƙaramar Hukumar Zuru, tare da Masarauta da hakimai, su buɗe littafin dillalai. Duk mai son sana'ar ya zo da mutum biyu masu gida a garin nan su tsaya masa, a ba shi lamba. Kowane mai unguwa kuma ya riƙe littafin ciniki, a rubuta kowane fili da aka sayar da iyakokinsa huɗu, don kada a sayar da shi sau biyu ba a gani ba.

Na san abin da za a ce, don an faɗa mini a zaure. Za a ce lasin bai hana ƙarya a tashar Apapa ba, akwai masu ba da hayar lasinsu ga 'yan baranda, akwai masu haɗa baki da ma'aikata. Haka ne. Za a ce kuma da an buɗe littafi sai ya zama sabuwar hanyar karɓar kuɗi, a ɗora wa talaka. Wannan tsoro ne mai tushe, don mun ga yadda neman satifiket ke cin watanni da tafiya Birnin Kebbi, har mutane su ka gwammace takardar hannu, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka kuɗin rajista ya zama kaɗan, a rubuta shi a allo a ƙofar ofis, a ba da rasit. Amma ko mai ba da hayar lasin, in yaronsa ya yi ɓarna shi a ke kamawa, abin da na ke nema ke nan.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunmu mu masu alƙalami. Ni dai yanzu ba na rubuta takardar ciniki sai na ga filin da idona, an auna an faɗi maƙwabta. In gado ne sai na ga takardar rabo ta kotu, ko magada duka sun sa hannu, na nesa a kira shi a waya gaban shaidu. In akwai satifiket na kan gaya wa mai saye a fili cewa sauran yardar Gwamna, ya je ma'aikatar filaye ya bincika tukuna. Kuɗi kuma ta banki, don dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da Naira miliyan 5 hannu da hannu, ban da haka ma takardar banki shaida ce da ba ta mutuwa ba ta ƙaura. A ƙarƙashin sunayen shaidu kuma na kan ƙara layi ɗaya: sunan dillali, da unguwarsa, da adadin la'adar da ya karɓa, da cewa ya bincika ya tabbata filin na mai sayarwa ne, ba gardama a kansa, in ta ɓullo zai mai da abin da ya karɓa ya kuma tsaya shaida.

Dattijon nan da na ambata, da na karanta masa layin, ya karɓi alƙalami ya sa hannu bai ce komai ba. Waɗansu biyu kuwa sun tashi da mai sayensu sun tafi neman wani akawu. Don haka na rubuto, Malam Edita, ko Allah ya sa akawun da za su je wurinsa yana cikin masu karanta jaridarka.

Wassalam. Ni ne naka,

Tsohon Akawu,
Rikoto, Zuru.